Kanwa a Bakin Waya

Turke ɗari huɗu da sha biyu ne suka riƙe wayar da ta kewaye Gandun Kwarin Marke, kuma Haladu ya san su kamar haƙoran bakinsa, har da masu girgiɗi. Shekara tara ke nan yana bin su. Da an sallame sallar asuba sai ya rataya 'yar jakar buhu mai filaya da guduma da ƙusoshi, ya ɗauki sandarsa ya fita. Duk turken da ya iso sai ya dafa ya jijjiga. In ya ji shi ƙyam ya wuce. In ya ji laushi ya san gara ta ci gindin, sai ya tsuguna ya yi ta fama. Tsugunon nan kuwa ba abin da ya fi tsana kamarsa, don gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina jin magana.

Kada a ji an ce gandu a zaci wani ƙungurmin daji ne. Ina! Fako ne da zaizayar ƙasa ta cinye, tsakanin Kafur da Danja, wasu masu aikin raya daji suka zo suka kewaye shi da waya mai ƙaya, suka raba shi kashi huɗu. Kashi uku ana buɗe wa shanun unguwa su yi kiwo bi da bi, a ci wannan a bar wancan ya huta. Na huɗun a rufe yake ruf, don a nan aka dasa 'ya'yan gawo da ɗorawa da kanya da tsamiya, waɗanda matan unguwa suka shekara uku suna yi wa ban ruwa da bokiti a ka. Aikin Haladu shi ne ya duba waya, ya kuma tabbata shanu suna inda aka ce su tsaya. Dokar wurin ma shi ya fi kowa haddace ta: dabbar da ta ja garke ta fasa shinge har sau uku, ko dai ta bar gandun, ko a hana garken duka kiwo har ruwa ya sauka.

Shi dai ba da waya ya tashi ba, a bayan shanu ya buɗe ido. Rugar ubansa tana nan gefen fakon, inda yanzu ba ka ganin komai sai masara. Fulatanci ya tsaya a bakin kakarsu, su da Hausa suka fara magana, amma abu ɗaya bai canja ba a gidan: maraƙa mace takan gaji sunan uwarta. Saboda haka akwai Fure tun zamanin kakansa, akwai Fure a garken ubansa, farare masu baƙin kunne, masu son mutane. Ubansa yakan ce ranar da aka rasa Fure a gidan nan, a ɗauka rugar ta tashi.

Shanun ba rana ɗaya suka ƙare ba, da ma haka ne da sauƙi. Gonakin masara da auduga suka yi ta matse burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, har ta koma ba ta wuce faɗin tabarma ba, kowace kaka sai an yi rigima. Wata shekara ciwon huhu ya kwashi nasa rabon. Jinyar tsohon ta ci wasu, rabon gado ya warwatsa saura. 'Yan goma sha ɗayan da suka faɗo wa Haladu kuma, ɓarayi suka kora su ranar wata kasuwa da rana tsaka, mutane na kallo ba mai iya tari. Karsana ɗaya ta tsira, ita ma don tana ɗingishi aka bar ta a ɗaure a gida. Ita ce Fure.

Mutum ba ya kiwon saniya ɗaya. Sai ya kai ta garken Rabe, ɗan ƙanin ubansa, ya ce ya riƙe masa, shi kuma ya tafi Funtuwa dakon dilar auduga. Shekara bakwai ya yi yana ɗora wa motoci kaya, har ranar da gwiwar ta ce ta gaji. Ya dawo gida da sanda da tari. Da masu gandu suka zo neman wanda ya san halin shanu kuma ba ya barci da rana, Mai Unguwa ya nuna shi. Ba wanda ya ga dalilin gaya musu cewa mai gadin yana da saniya a cikin garken da zai riƙa tsarewa. A unguwa kowa ya sani, a ofis ba wanda ya tambaya.

Fure ta haifi maruƙa bakwai a hannun Rabe. Shida maza ne, kuma duk sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya: wannan auren 'ya, wancan rufin ɗaki, wani taki. Mace ɗaya tak ta haifa, ita kuma ba ta yi kwana arba'in ba. Yanzu Fure ta zama guzuma, haƙora sun cinye, ƙugu ya fito, shekara huɗu rabonta da ɗaukar ciki. Rabe ya sha cewa, "Yaya, a fitar da ita tun tana da sauran nama." Haladu sai ya ce, "Bari dai mu ga damina." Damina huɗu suka gani.

To, ga inda wautar ta shigo, kuma ni ban ga laifin kiranta wauta ba, ko da yake na san da ni ne ma da na yi. Bara da rani aka buɗe wa garken Rabe kashin da ke jingine da wurin dashe. Haladu yana bin waya ta ciki, ya iso gindin wata tsohuwar kanya, tari ya sarƙe shi. Can cikin shanu sai Fure ta ɗaga kai. Ta san tarin nan. Ta taho tana jan ƙafa har bakin waya, ta tsaya tana hura hanci. Ya miƙa hannu ta tsakanin ƙayoyi ya sosa mata goshi. Kashegari da zai fito ya ɓalli 'yar kanwa ya jefa a aljihu.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da kanwa take a wurin saniya. Za ta bar ciyawa ɗanya ta bi ka har inda ka gaji in ta sansano ta a jikinka. Haladu ya fi kowa sanin haka, da hannunsa ya sha jiƙa wa garken ubansa ita a kwami. Amma ya ce a ransa, ɗan wannan me zai yi? Kullum ya iso gindin kanyar sai ya tarar da ita tana jira, ya zura tafin hannu ta cikin waya, ta lashe tas da harshenta mai kaushi, shi kuma ya tsaya yana ba ta labarin gwiwarsa. Minti biyar ne, ba ya wucewa. A duk zagayen nan na awa huɗu, minti biyar ɗin nan kaɗai ne ba ya jin gajiya.

Matarsa Ladidi ce ta fara lura. Wata rana tana kaɗa miyar kuka ta ce, "Malam, wai ɓerayen gidan nan sun koma cin kanwa ne? Jiya na sayo, yau saura ɓarɓashi."

Ya ce, "Ƙila zafi ne ke narkar da ita."

Ta ce, "Zafin da ke sa riga ya fita da asuba ko? Allah ya shirya."

Ranar da ya makara saboda jana'iza, Fure ta gaji da jira ta tura kai, turken da gara ta ci ya kwanta, ta shiga da shanu uku a bayanta. Rabe ya koro su kafin su yi nisa, amma Malam Murtala, jami'in da ke kula da gandun, ya gani ya rubuta. Ɗaya ke nan. Haladu ya kafa sabon turke, ya rantse ya daina. Kwana shida ya yi yana wucewa kansa a sunkuye, tana bin waya tana kuka, a na bakwai ya koma wa halinsa. Aka yi ta biyu cikin azumi. Nan ma ya gyara, ya ƙara waya layi biyu, ya sake rantsuwa.

Ta ukun a bazarar bana ta zo, lokacin da ƙasa ta ƙone ƙurmus, ba wani kore a duk yankin sai 'ya'yan itacen nan da ke cikin waya. Zazzaɓi ya kayar da Haladu kwana biyar. A rana ta biyar da hantsi yana kwance a zaure Rabe ya yi sallama, ya tsuguna. Sannan ya ce, "Yaya, an yi ɓarna."

Haladu ya ja jiki ya je ya gani. Wayyo! Turke uku a ƙasa, waya a kwance, sawun kofato ko'ina. Rabe ya je shayar da rabin garken, kafin ya dawo Fure ta buɗe hanya sauran sun bi. Dashe sama da ɗari uku sun tafi, wasu an cinye kansu, wasu an tumɓuke, wasu an tattake. Ɗorawar da ta kai ƙugun mutum ta koma tsinke. Ya tsaya yana kallo.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar Mai Unguwa. Malam Murtala ya zo a kan babur da littafinsa, fuska ba annuri. Ba a saba mata su zo irin wannan zama ba, amma Tsohuwa, shugabar masu ban ruwa, ta wuce shekarun da za a ce mata koma gida. Ta tsaya a kan Rabe tana nuna shi da yatsa.

Ta ce, "Kai Rabe, dube ni nan. Shekara uku ina ɗaukar bokiti daga rafi, wuyana har yau bai miƙe ba. Kai kuma ka saki guzumarka ta yi karin kumallo da shi. Wace irin saniya ce wannan da ba ta ganin waya? Ko kai ne ka koya mata?"

Rabe bai ɗaga kai ba. Ya san saniyar ba tasa ba ce, ya kuma san abin da ke kai ta gindin kanya, don ya sha hango su daga nesa ya kau da ido. Amma ƙani ba ya tona yayansa a gaban jama'a. Ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Sakacina ne." Rabin mutanen da ke zaune sun san ta wane ne, ba wanda ya kalli Haladu, kuma rashin kallon nan ya fi masa zagi ciwo. Yana zaune a gefen tabarma da filaya a aljihu, ya bar Rabe ya ɗauki laifin.

Malam Murtala ya karanta doka. Nan da ranar kasuwa saniyar ta bar gandu, in ba haka ba garken Rabe, shanu talatin da ɗoriya na gidaje shida, ba zai sake taka wurin ba sai ruwa ya sauka. A bazara irin wannan, kowa ya san ma'anar haka.

Kashegari Haladu bai fara da waya ba. Ya wuce kai tsaye ɗan ɗakin kwanon da ke bakin ƙofar gandu, inda Malam Murtala ke zama yana fifita da kwali. Ya gaishe shi, ya cire hula ya sake sawa, sannan ya ce, "Yallaɓai, saniyar nan tawa ce. Kuma ba halinta ba ne fasa shinge. Ni na ɓata ta. Kanwa nake ba ta a bakin waya, fiye da shekara. Rabe ba ruwansa. In kora ce ni ya kamata a kora."

Malam Murtala ya ajiye kwalin. Ba mugun mutum ba ne, yaro ne da ya gaji, albashinsa ma ba ya zuwa a kan kari. Ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Kanwa, Baba? Kai da kanka? Kai da na ɗauko don ka fi mu sanin shanu?"

"Ni da kaina."

Ya tashi ya leƙa waje, ya dawo ya rage murya. "To saurara, Baba Haladu. Ban ji abin da ka faɗa ba. Mako mai zuwa manya za su zo duba aiki, kuma da ma akwai masu cewa kuskure ne barin shanu a gandun nan. In na rubuta saniya ce mai taurin kai, an fitar da ita, magana ta mutu. In na rubuta mai gadi ne ke kiran shanu bakin waya da kanwa, kai ka tafi, kiwon ma a rufe shi gaba ɗaya, a ce mutanen unguwa ba su da amana. Wa ka taimaka?"

Haladu ya ce, "To a bar ta, na daina. Wallahi na daina."

"Kai ka daina, ita ta daina? Ka fi ni sani. Gobe da asuba tana gindin kanyar nan, jibi ma haka. Ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, ta riga ta saba."

Gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona masa rai. Ya kwana yana tattara ƙarfin halin da zai faɗi laifinsa, ya faɗa, ba wanda ke da buƙatarsa. Ya fito ya bi waya kamar kullum, don ba wanda zai bi masa.

Bai sallama nan take ba. Ya jawo Fure gida ya ɗaure a bayan ɗaki, inda ko juyawa ba ta iya yi sosai. Harawa ta ƙare a unguwa tun kafin azumi, dusa sai mai hali. Ladidi ta riƙa tara mata ƙaiƙayi da ruwan tsari, ba gori ba habaici. Saniyar da ta shekara goma sha bakwai cikin garke ba ta zama ita kaɗai. Ta ƙi ci, ta yi ta kuka tana fuskantar gandu har muryarta ta dushe. Ya aika wa surukinsa a Malumfashi, aka ce gidan haya suke, ko akuya mai gidan bai yarda ba. Ya kira wani ɗan'uwa ta wajen Dandume, mutumin ya ce shi ma nasa ya sayar da su tun bara saboda ɓarayi, don ya samu ya riƙa barci. A rana ta uku Haladu ya ga ta kwanta ta kasa tashi sai da aka ɗaga ta. Ladidi ta ce a hankali, "Malam, kada ka bari ta mutu a banza a gabanka." A daren nan ya ƙudura kai ta kasuwa.

Ranar kasuwa suka kama hanya tun da sanyin safiya, shi da sanda ita da igiya a wuya, tsofaffi biyu masu ɗingishi. Masu babura suna wucewa suna yi musu ƙaho. Sau huɗu suna tsayawa hutawa, kuma ba kullum ita ce ke fara tsayawa ba. Sai da rana ta take suka isa kara, inda ake cinikin dabbobi.

Ya samu dillali ya ja shi gefe ya ce, "Don Allah ka nemo mini mai kiwo. Wanda zai riƙe ta. Ba ta da faɗa, ba ta harbi." Dillalin ya buɗe bakinta ya leƙa, ya shafa haƙarƙarinta, ya dubi Haladu kamar zai yi dariya, sai ya ga fuskarsa ya fasa. Ya ce, "Baba, zan gwada." Ya kuwa gwada, don Haladu yana kallonsa yana tare masu manyan riguna da masu malafa. Kowa ya zo sai ya duba haƙora ya wuce ba ko tayi. Har azahar ba wanda ya taya sai mahauta.

Wanda ya saya Kamalu ne, mahaucin da ke kai nama unguwarsu, mutum mai fara'a da son girmama manya. Bai matsa ba, bai raina ta ba, har cewa ya yi, "Kai, wannan ta ga zamani." Da aka shafa fatiha ya kwance igiyar Haladu daga wuyanta ya miƙa masa da hannu biyu, ya zura tasa. Sannan, don ya kyautata, don haka ake yi wa dattijon da aka sayi dabbarsa, ya ce, "Baba, gobe da safe zan bi ta unguwarku. Me zan ajiye maka, hanta ko tozo?"

Haladu ya waiwaya. Ya dubi Fure, tana tsaye tana tuƙa, ko a jikinta, ta jingina kai da kafaɗarsa.

Da ƙyar ya ce, "Bar shi, Kamalu. Kuma don Allah gobe kada ka bi ta layinmu."

Sai a lokacin Kamalu ya gane. Fara'ar ta ɗauke, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba. Ka yafe ni."

Haladu ya janye kafaɗarsa a hankali, ya juya ya kutsa cikin mutane yana naɗe igiya a hannu. Bai yi nisa ba. Ya zagaya bayan rumfunan masu hatsi inda ba kowa, ya zauna a ƙasa, dattijo mai furfura da jikoki, ya rufe fuska da hula ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da ɓarayi suka kora garken. Baƙin cikinsa ba na tsufanta ba ne, kowace saniya tana tsufa. Da ya iya wucewa ta gindin kanyar nan bai tsaya ba, da yanzu tana cikin 'yan'uwanta.

Sai da aka kira la'asar ya iya tashi.